Kiwon Murjani a Ɗakin Haya

Bahaushe ya san murjani tun kafin ya san teku. Ya san shi a wuyan amare da cikin adudun tsofaffi, jajayen duwatsun ado da ake shiryawa a zare, uwa ta bar wa 'ya, har ya kai ga raɗa wa 'ya'yansa suna Murjanatu. Kalmar daga Larabci muka aro ta, shi kuwa abin daga Bahar Rum yake fitowa, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Sai dai wannan da muke kira dutse, a gaskiya ƙashin dabba ne. Ba mu kaɗai ya ruɗa ba. Masanan Turai sun daɗe suna lissafa shi cikin tsirrai, sai a ƙarni na 18 wani likita Bafaranshe, Jean-André Peyssonnel, ya nuna cewa abin da suke ɗauka furanni ƙananan dabbobi ne, kuma ya jima yana faɗa kafin a saurare shi.

Shekara uku ke nan ina kiwon murjani mai rai a ɗakin da nake haya a ƙasar Maleshiya, inda nake karatun digiri na uku a kan ingancin ruwan sha. Tankin gilashi ne mai cin lita 60, wato bai wuce jarka uku ta 'yan garuwa ba. Ranar da na nuna wa mahaifiyata shi ta waya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yanzu kai, tumakin gidan nan ba su ishe ka ba, sai ka tafi ƙasar mutane kiwon dutse?" Na ce, "Hajiya, ai yana da rai, har abinci yake ci." Ta ce, "To, Allah Ya sa a gama karatun dai."

Wanda ke tankina ɗan'uwan na wuyan amare ne, amma ba shi ba ne. Jan murjani yana zaune a zurfi da lungunan duwatsu inda haske bai cika kaiwa ba. Nawa irin na ruwa mara zurfi ne a ƙasashe masu zafi, irin wanda ke gina tuddai a cikin teku. Kowane reshe taron dabbobi ne ƙanana, kowace ba ta wuce baki da ciki da 'yan yatsu masu harbi kewaye da bakin ba, kuma masu ƙashi a cikinsu suna zuƙo sinadarin alli daga ruwa su gina gidan da suke zaune a kai. Abin mamakin yana cikin namansu. A nan wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya take zaune, tana sarrafa hasken rana ta samar da abinci, ta ba mai masaukinta mafi yawan abin da yake rayuwa a kai, shi kuma ya ba ta mafaka da taki. Dabba ce da ta yi gona a jikinta. Saboda haka fitilar da ke saman tankin ba ta ado ba ce, ita ce damina; nakan kunna ta awa tara a kullum, mai shuɗin haske, domin shuɗi ne ya fi ratsa ruwan teku.

Masu wannan sana'a sukan ce ba murjani ake kiwo ba, ruwa ake kiwo, kuma a matsayina na mai nazarin ruwa na yarda da su. Kafin a saka ko da reshe ɗaya, sai tanki ya yi mako huɗu zuwa shida babu komai a ciki sai dutse da yashi, har bakteriyar da ke mayar da gubar amoniya sinadari mai sauƙin illa ta kafu. Ruwan famfo ba ya shiga, sai wanda aka tace tas aka dama masa gishirin teku na musamman, giram 35 a kowace lita. Zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Sinadarin kalsiyam ya zauna wajen miligiram 420 a lita, kuma tun da kullum dabbobin suna ɗiba su yi gini, kullum sai an mayar.

Ƙanƙantar tanki kuwa ba sauƙi ba ce, ita ce wahalar. Teku tana da yalwar da za ta haɗiye sauyi. Lita 60 ba ta da ita. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. Idan lita biyu ta ƙafe a yini, kamar yadda take yi mini idan fanka tana kaɗawa a kan ruwan, gishirin ya haura daga 35 zuwa sama da 36, kuma dabbar da aka halitta a ruwan da ba ya sauyawa tana jin wannan a jikinta. Don haka da ruwan daɗi ake cikawa, ba da na gishiri ba, safe da yamma, kamar mai ba jinjiri nono. Na taɓa ƙin zuwa wani taron ƙara wa juna sani na kwana biyar domin ban sami wanda zan bar wa amanar ba, kuma har yau ban faɗa wa malamina dalilin ba.

Da dare ake ganin halinsu. Wanda ya ga tankin da rana zai ce lambu ne na zaman lafiya. Idan fitila ta mutu, wasu sukan miƙo dogayen yatsu su ƙone maƙwabcin da ya matso, masu laushin jiki kuma su saki guba a ruwa don hana na kusa girma. Rikicin kan iyakar gona ne, ba alƙali ba dagaci. Akwai ma wani iri mai kama da maɓallan riga wanda gubarsa kan kwantar da mutum a asibiti, shi ya sa ba na taɓa shi sai da safar hannu da tabarau.

A bazarar 2024 na ga abin da a da a takarda kawai nake karantawa. Zafi ya tsananta, ma'aunin tankin ya riƙa kaiwa digiri 30 da rana duk da fanka. Idan ruwa ya ɗara zafin da murjani ya saba da shi da digiri ɗaya kacal, kuma ya ɗauki makonni a haka, gansakukar nan takan fara fitar da sinadarai masu cutar da mai masaukinta, shi kuma ya kore ta. Da ta fita launi ya tafi, farin ƙashi ya bayyana ta cikin nama. Wannan ne koɗewar murjani. Ba mutuwa ba ce tukuna, yunwa ce, amma idan ta daɗe mutuwar ce ƙarshenta. Wani reshe mai ruwan ƙasa da na fi ƙauna ya fara fari daga sama. Na daskarar da ruwa a robobi ina jefawa a tankin ɗaya bayan ɗaya, daga baya na cire kuɗin da na tara don tikitin zuwa gida da Sallah na sayi injin sanyaya ruwa.

A watan Afrilun shekarar ne hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta bayyana cewa duniya ta shiga koɗewa ta gama-gari karo na huɗu, bayan ta 1998 da ta 2010 da ta 2014 zuwa 2017. A watan Yuni hukumar kamun kifi ta Maleshiya ta ce abin ya shafi fiye da rabin tuddan murjanin da ke wuraren da take karewa. Ni na saya wa lita 60 inji. Tsibiran Tioman da Redang ba mai saya musu. Tuddan nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku sun dogara da su. Mu 'yan Afirka ta Yamma ba mu cika jin zafin labarin ba, domin gaɓarmu ba ta da irin waɗannan tuddai: lakar da Kwara da sauran koguna ke zubarwa tana dushe haske, ga ruwan sanyi da ke tasowa daga zurfi a wasu watanni. 'Yan'uwanmu mazauna Bur Sudan su ne ke da su a ƙofar gida, a Bahar Maliya.

Wani abokin karatuna ya tambaye ni ko halal ne a tsare halittar teku a gilashi alhali danginta suna ƙarewa. Tambayar tana da nauyi, domin akwai 'yan kasuwar da ke fasa tuddai su sayar. Amsata ita ce duk abin da ke tankina dashe ne, an yanko shi daga tankin wani, shi ma daga na wani, kamar yadda ake karɓar irin rogo daga maƙwabci. Amma ba na da'awar cewa ina ceton teku. Sha'awa ce, mai tsada kuma.

Saura wata biyar in kare kundina in koma Kano, kuma tankin ba zai bi ni ba. Murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare halittu, ba ya ƙetare iyaka sai da takardu. Ko an same su, na san Afrilun Kano, inda zafi ke wuce digiri 40, na kuma san cewa idan aka ɗauke wuta injin kaɗa ruwa ya tsaya, iskar da ke cikin ƙaramin tanki tana iya ƙarewa cikin sa'o'i. Na zauna na yi lissafin sola da batir da za su riƙe injin sanyaya ruwa dare da rana, sai na ga kuɗin ya kai na makarantar yarana biyu.

Saboda haka na fara yanka. Kowane mako nakan datse reshe kamar tsawon gaɓar yatsa, in manna shi a kan ɗan dutse, in jera a gefe har raunin ya rufe, abin da kan ɗauki mako biyu zuwa uku. Wani Basine mai gyaran babur a unguwarmu ya karɓi shida, wata ɗaliba 'yar Indunusiya ta karɓi huɗu. Wanda ya koɗe ɗin nan launinsa ya dawo, sai tsinin sama da ya mutu gansakuka ta rufe shi. Shi ban sa masa almakashi ba tukuna. Mai gyaran babur ya ce zai ɗauke shi ɗungurungum, da dutsensa, a makon da zan miƙa makullin ɗaki.