Inabi Halal Ne, Giyarsa Haram: Shirina Na Zuwa Stellenbosch

Idan Allah Ya kai mu watan Disamba, ni da maigida da ƙananan yaranmu biyu za mu je Afirka ta Kudu bikin kammala karatun babbar 'yarmu a Jami'ar Stellenbosch. Abin farin ciki ne, alhamdu lillahi, sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Garin nan mai nisan kimanin kilomita 50 daga Cape Town shi ne cibiyar noman inabin da ake giya da shi a ƙasar, kuma babban abin da ake kai baƙi shi ne zagaya gonaki ana ɗanɗana giya. To ina uwa Musulma mai jaye da yara za ta sa ƙafarta?

Na fara da tambayar malamarmu ta Islamiyya. Ta ce inabi ni'ima ce da Alƙur'ani ya ambata a wurare da dama, ganin gonarsa ba laifi. Amma ta tuna mini hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, inda aka la'anci mutum goma a kan giya, ba mai sha kaɗai ba, har da mai matsa ta, mai ɗaukarta, mai sayarwa da mai saye. Haka kuma an hana mumini zama a teburin da ake shan ta. Daga nan na fahimci cewa iyakar nan tun daga gida ake shata ta, domin idan an je can, kunya da kara sai su rufe wa mutum baki.

Don haka muka zauna da maigida muka tsayar da magana. Masauki mai ɗakin girki za mu kama, ni zan riƙa dafa mana. Idan za mu ci a waje, sai inda yake da shaidar halal daga hukumomi irin su MJC ko SANHA, domin a girkin Turawa akan zuba giya a miya, a romon nama, har da kayan zaƙi. Ruwan inabi mai kumfa kuwa, kwalbarsa kamar an tsaga kara da ta giya, dole a karanta rubutun jikinta. Wadda aka ce an cire mata maye ma takan rage ɗan kaɗan, har kusan kashi 0.5 cikin 100, don haka mun bar ta. Ba za mu biya kuɗin zagayen ɗanɗano da sunan kallo ba, kuma ba za mu karɓi saƙon kwalba ga kowa ba.

Sai batun yara, wanda ya fi damuna. Gara su ji daga bakina da su gani su yi sha'awa. Zan gaya musu abin da ke bayan kyawawan gonakin nan. Turawan Holan ne suka fara matsa inabi a yankin a 1659, aka kafa Stellenbosch a 1679, kuma da gumin bayi aka raya gonakin, har zuwa 1834 da aka soke bauta. Bayan haka aka daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. Doka ta hana wannan tun shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990. Illar ta faɗa kan jarirai: lardin yana cikin wuraren da suka fi yawan yaran da ake haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa a duniya, saboda shan giyar uwa lokacin goyon ciki. Wannan kaɗai ya ishi uwa wa'azi.

Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne Musulunci ba baƙo ba ne a wurin. A 1694 Turawan Holan suka koro Shehu Yusuf, ɗan ƙasar da yau ake kira Indunisiya, suka ajiye shi a wata gona kusa da Stellenbosch, inda ya rasu a 1699. Har yau ana kiran wurin Macassar, da sunan mahaifarsa. A Constantia ma akwai kaburburan bayin Allah da aka koro, a gefen gonakin inabi. Masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap a Cape Town tun 1794 yake, kuma cikin Stellenbosch ɗin ma akwai masallaci. Waɗannan su ne wuraren da na rubuta a takardar tafiyarmu. Mutanen da suka riƙe sallah cikin ƙangin bauta a tsakiyar gonakin giya, ina uzurin wadda ta je da fasfo da guzurinta?

Disamba lokacin zafi ne a can, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas, don haka zan nemi jadawalin sallar garin tun kafin mu tashi.

'Yan'uwa, 'ya'yanmu suna ta fita karatu, mazajenmu suna fita aiki, wata rana gayyata irin wannan za ta iso ki. Kada tsoro ya hana ki zuwa, kada kuma kara ta sa ki zauna inda bai dace ba. Ki tambayi malamai, ki shirya da maigida, ki yi wa yara bayani. Allah Ya tsare mana imaninmu da na zuri'armu a gida da daji, amin.