Wanda ya tafi da wadda ta zauna

Takardar ta iso Madawa ranar kasuwa. Malamin lakkol ya karanta ta sau biyu a ƙofar gidan waya kafin ya gaskata idonsa: an ba shi bursu na wata guda zuwa Faransa, a cibiyar koyar da haƙƙin ɗan Adam ta birnin Sitarasbur, wadda René Cassin ya kafa a 1969. Kuɗin jirgi da masauki da abinci duk wata ƙungiyar Turai ta ɗauka. Lokacin kuwa bayan faɗuwar darajar sefa ne ta Janairun 1994, sa'ad da ma'aikacin gwamnati kan yi wata da watanni yana jiran albashi, yana cin bashin hatsi wurin ɗan kasuwa.

Tun bayan babban taron ƙasa na 1991, da ƙungiyoyi suka samu sarari, ya shiga ɗaya daga cikin masu kare haƙƙin ɗan Adam. Aka ba shi magatakardan reshen garin, don ya fi kowa iya rubutun Faransanci. Amma ya sani a ransa ba shi ne ginshiƙin reshen ba. Akwai wata dattijuwa, ungozoma, wadda ba ta taɓa zama kan bencin lakkol ba. Ita ke shiga gidajen da namiji bai isa ya taka ba. Ita ke jin labarin yarinyar da aka aurar ba da sonta ba, da marayun da aka cinye wa gona, da wahaya, matar da aka saya da kuɗi aka ajiye bayan mata huɗu. Takan hau amalanke zuwa ƙauye ta komo da magana a bakinta, shi kuma ya mai da maganar takarda. Sunansa ke ƙasan takarda, saboda haka shi aka sani a Yamai.

Sharuɗɗan bursu ba su bar mata ƙofa ba: dosiye cikin Faransanci, takardar shaidar karatu, da wasiƙun masu muƙami. Mai bayarwa yana nesa. Hannun da ya riƙe alƙalami yake gani, ba ƙafar da ta sha rairayi ba. Malamin ya je gidanta da maraice, kansa a sunkuye.

Ya ce: "Inna, aikinki ne aka saka mini."

Ta ce: "Tafi, ɗana. Ni ko an kai ni, me zan ji? Ka dai komo mana da abin da za mu faɗa wa alƙali in ya ce al'ada ce."

Abin da ya komo da shi ke nan. A can ya karanta Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ta fara aiki a 1986, Nijar na cikin ƙasashen da suka ɗaure kansu da ita. Aya ta 5 ta haramta bauta da cinikin mutane baro-baro. Ya gane cewa al'ada ba ta fi ƙarfin alkawarin da gwamnati ta sa wa hannu ba, kuma ita kanta gwamnati ana iya kiranta ta amsa. A hanyar komowa aka yi masa tayin aiki a Yamai, biro mai sanyi da mota. Ya kwana uku yana juya maganar, sa'an nan ya shiga motar Madawa. Wata da watanni, bayan sallar isha'i, yana fassara mata ayoyin da Hausa, tana haddacewa kamar karatun allo.

Shekaru suka shuɗe. A 2003 dokar Nijar ta mai da bauta babban laifi. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 kan jika 240: gwamnati ta kasa kare ta, sai ta biya ta miliyan 10 na sefa. Malamin da dattijuwar ba su da hannu a wannan shari'a, a rediyo suka ji ta. Amma ya ga aikinsu a ciki. Ƙungiyar Timidria ce ta tsaya wa matar a gida, lauyoyi da tallafin waje suka kai maganar gaban kotu. Da ɗaya ya rasa ɗaya, da ba a je ko'ina ba.

Yau dattijuwar ta riga mu gidan gaskiya, malamin ya yi ritaya. Matasa na zuwa ya rubuta musu wasiƙar neman bursu, yana rubutawa, amma ya san ƙofofin sun ƙuntata. A Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, cikin wannan shekara kuma Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID. Zalunci kuwa bai tafi hutu ba.

Tambayar da ke cin ransa ita ce: me ya sa kullum sai daga hayin teku? Alhazan Maraɗi da Damagaram da Ƙonni sun saba biya wa mutum kujerar Makka, su gina masallaci, su haƙa rijiya. Ɗan kasuwar da aka tsare wa mota a shinge ba bisa ƙa'ida ba, da ma'aikacin da aka danne wa ƙarin girma, sun fi baƙo sanin amfanin mulki na gari. Kuɗin kujera guda zai riƙe yaro yana karatun shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni, bisa sharaɗin ya komo garinsu. Mai bayarwa na gida kuma ba ya bukatar dosiye kafin ya san ungozoma, don wataƙila ita ta yanke wa ƴaƴansa cibi. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.