Daga Damagaram zuwa Miriya a bayan moto mai ƙafa uku

Duk wanda ya zauna Damagaram ya san cewa Lahadi ranar kasuwar Miriya ce. Tun da sassafe hanyar gabas, wadda ta zarce Gure har Diffa, takan cika da motocin haya da amalanke da ƴan kabu-kabu. Tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 18 ce, na kuma sha yin ta a cikin mota ina gyangyaɗi. Wannan karon a bayan taubashina na yi ta, ɗan gwaggona, a kan motonsa mai ƙafa uku, ban kuwa runtsa ba ko sau ɗaya.

Shan inna ya kama shi yana ɗan shekara uku. A shekarar 2020 an bayyana cewa an kawar da asalin ƙwayar wannan cuta daga Afirka, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan a cikinmu, kowa da yadda yake neman abincinsa. Shi tukwane da tuluna yake sayarwa a gari, daga hannun maginan Miriya yake saro su. Moton nasa irin ƙaramin nan ne da ba shi da marikin kuloci. Mai walda ya cire masa ƙafar baya ya sa biyu, ya ɗora kujera da akwatin kaya. Sandar giya da ake takawa da ƙafa ya haɗa mata dogon ƙarfe ya kawo ta kusa da hannun hagu, birkin baya ma ya maido shi hannu. Kada mai karatu ya firgita da kalmar giya a wannan shafi, ta inji nake nufi, wadda ake kira vitesse da Faransanci.

Asalin wannan inji daga Honda Super Cub ne, wanda ya fito a Japan a 1958, aka ƙera shi yadda mai kai abinci gida-gida zai iya tuƙi da hannu ɗaya. Kulocinsa a ciki yake, shi ke kama kansa idan inji ya ɗauki wuta, ya saki idan wuta ta ragu. Giya kuwa guda huɗu ce, kuma ba ta sauya kanta. Wannan aiki na mai tuƙi ne.

Daga Birni muka tashi, ta lungunan da ke bayan fadar Sarkin Damagaram, inda yashi ya fi ƙasa yawa, duwatsu kuma suka tsaya a tsakanin gidaje kamar su ma maƙwabta ne. Na lura ba ya daɗewa a giya ta ɗaya. Da zarar moton ya motsa ya kai saurin mai sassarfa, sai ya mayar da totur, ya tura sanda, ya sake ta, sannan ya buɗe wuta a hankali. A ta biyu da ta uku muka ratsa gari. Ta huɗu ba ta shigo ba sai da muka hau kwalta muka bar cunkoso a baya. Wanda agogon gudunsa ke aiki zai ga abin yana faɗawa kusa da kilomita 15 a awa, da 30, da 40 ko 45. Nasa agogon ya mutu tun bara waccan.

Na ce, "Taubashi, to da me kake sanin lokaci?"

Ya ce, "Malam, kai dai alli ka sani. Allah bai ba ka kunne ba?"

Daga nan ya sa ni saurare. Kuka biyu inji yake da shi. Idan ya yi ƙara siririya, yana ihu gudun kuma bai ƙaru ba, to giya ta yi masa kaɗan, a ƙara. Idan kuma ya koma gurnani, jikin moton na karkarwa, sarƙa na fizga, ka buɗe wuta bai amsa ba, to an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, a rage. Tsakanin biyun nan akwai wani amo shimfiɗaɗɗe, kamar na keken ɗinki a hannun gwani, a nan ake son ya zauna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin shekararsa ta farko. Moto mai marikin kuloci, idan ka tashe shi a giya ta uku, sai ya mutu nan take ya kunyata ka a gaban jama'a, ka koyi darasi. Wannan kuwa ba ya mutuwa. Zai ja ka a hankali, kai kana ganin lafiya lau, alhali a ciki kuloci na sulɓi yana cin kansa. Taubashina, saboda tsoron sakin kan moto da hannu ɗaya, sai ya riƙa barinsa a ta uku, da ita yake tsayawa, da ita yake tashi. Watanni kaɗan, wata Lahadi da la'asar, a kan wannan hanya, ya ji ƙaurin ƙuna, inji na ihu, ƙafafun baya ba sa juyawa. Mai lafiya da ya sauka ya tura. Shi a nan ya zauna da tukwanensa har bayan magariba, kafin wani mai amalanke ya tausaya masa. Kuɗin gyaran ya cinye ribar makonni. Tun daga ranar, in ji shi, ko akuya ce ta tsayar da shi, sai ya koma ta ɗaya kafin ya tashi.

Miriya daga nesa ake gane ta da kukokinta. Bayan busasshiyar ƙasa mai duwatsu da muka ratso, sai ga lambuna kore shar, da inuwa mai sanyi, da ƙanshin danshi. Ba mu tsaya cikin kasuwa ba sai don gaisawa. Unguwar magina muka nufa, inda mata ke zaune a gaban jajayen tuluna da aka jera a rana. Taubashina ba ya sayen tulu sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ji amonsa. Mai tsaga a ɓoye muryarsa a dushe take. Na ce masa ashe nan ma kunnen ne, bai ko kula ni ba, yana can yana ciniki da wata tsohuwa da yake kira Inna.

Hanyar shiga unguwar yashi ce mai zurfi, a nan na ga wata dabara. Kafin ya shiga yashin ya sauko ta biyu, ya riƙe wuta daidai, bai taɓa sanda ba har muka fita. Ya ce ɗan lokacin nan da ake mayar da totur don sauya giya ya isa yashi ya riƙe ƙafa, idan kuwa ta nutse, wa zai sauka ya ɗaga?

Mun kamo hanyar gida da randa biyu da tuluna shida a cikin ciyawa, ga ni kuma. Moton ya zama wani daban. Kowace giya sai ya ja ta fiye da yadda ya yi da safe kafin ya wuce ta gaba, don inji ya tara ƙarfin da zai ɗauki nauyin. Idan ya hango ɗan tudu, tun daga gindinsa yake saukowa ta uku, ba ya jira sai inji ya fara gurnani a tsakiya. A kwana kuma ya fi taka-tsantsan. Mai ƙafa uku ba ya kwantawa gefe kamar mai ƙafa biyu, idan ka shige ta da gudu ƙafar ciki takan ɗaga sama. Saboda haka birki yake fara kamawa tun hanya na miƙe, gudu ya ragu, sannan ya rage giya, ya zagaye kwanar hannuwansa biyu a kan moto. Wanda ya rage giya yana cikin gudu, in ji shi, baya ne zai fizge shi, kaya su haɗu da juna.

Da muka hango duwatsun Damagaram, hanya ta yi shiru, sai na roƙe shi ya bar ni in gwada. Ya dube ni, ya dubi tulunansa, ya ja jiki ya koma kujerar baya. Na tashi a ta ɗaya lafiya, har na fara jin kaina. Inji ya yi ihu, na gane kukan, na tura sanda, amma na manta ban mayar da totur ba. Moton ya yi tsalle kamar jakin da rina ta harba. A baya na ji ƙas.

"Malam, tsaya haka nan. Wannan naka ne, ka saya."

Na biya shi kuɗin tulun a bakin ƙofar gida, bai rage mini ko dala ba. Gindin bai fashe ba, uwargida ta karɓa ta ajiye a gindin dalbejiya, da shi kajinmu ke shan ruwa.