Taku Arba'in Zuwa Masallaci

Kawuna ɗan kasuwa ne a Tsafe, shekara da shekaru yana kai hatsi Gusau, ban kuwa taɓa ganin ya dubi ƙafarsa don zai yi tafiya ba. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Da na je dubiya sai ya ce mini, "Ɗana, daga zaurena zuwa masallaci taku arba'in ne, yau ya fi mini Makka nisa."

Maganar nan ta sa ni tunani. Shin me ke tafiyar da ƙafa sa'ad da hankalin mutum ke wajen ciniki ko wuridi?

Masana sun gano cewa Allah Maɗaukakin Sarki ya ajiye wannan aiki a cikin laka, watau jijiyar nan ta cikin ƙashin baya. A 1911 wani masani a Ingila, Thomas Graham Brown, ya nuna cewa lakar kyanwa tana iya ba tsokar ƙafa umurnin lanƙwasawa da miƙewa bi da bi, ko da an raba ta da ƙwaƙwalwa. Ƙungiyoyin ƙwayoyin jijiya biyu ne ke yi, tamkar mata biyu masu lugude a turmi guda: taɓaryar wannan na sama, ta waccan na ƙasa. Kowace ƙungiya in ta tashi sai ta danne 'yar'uwarta, in ta lafa ɗayar ta karɓa. Ita ƙwaƙwalwa nata shi ne ta ce a tashi, a yi sauri, a karkata, ko a tsaya.

Daga baya Sten Grillner na ƙasar Suwidin ya tabbatar da irin wannan tsari a jikin wani kifi mai kama da maciji. Duk wanda ya kalli tarwaɗa a gulbin Bunguɗu ya ga misalinsa: dama, hagu, daga kai har wutsiya. Shure-shuren kaza bayan yanka ma daga laka yake fitowa.

To, ciwon Kawu a ƙwaƙwalwa yake, masu luguden suna nan, saƙo ne ya daina isa gare su sosai. Shi ya sa likitoci suka ce a riƙa tashe shi yana takawa kullum. Mun yi wata biyar muna riƙe da shi, yau yana zuwa sallar Azahar da sandarsa, alhamdu lillahi.

Jama'a, malamai sun karantar da mu cewa kowane taku zuwa masallaci lada ne. Mai lafiya ya yi amfani da ƙafarsa tun tana jin magana. Wanda kuwa nasa ya kwanta, a gaggauta kai shi asibiti, kada a bar shi a ɗaki da sunan tawakkali, gama neman magani ba ya warware tawakkali. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.