Bindiga a Ƙarƙashin Riga, Littafi a Hannu

Damagaram ba baƙuwar bindiga ba ce. A ƙarni na 19 Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, maƙeransa suka ƙera igwa, aka riƙa haɗa albarushi a cikin gari. Sai dai makamin wancan zamani a fili yake, a kafaɗar ɗan bindigar sarki, kowa ya san mai shi, kowa ya san wanda ya ba shi izini. Makamin da ake ɓoyewa ƙarƙashin riga, a shiga da shi ɗakin ibada, wannan wani al'amari ne dabam, kuma shi ne ya daɗe yana hana wani dattijon Kirista na Zinder barci.

Tsohon jandarma ne, ya yi ritaya, yana da ƙaramar bindiga da takardar izini daga hukuma. Shi ke tsayawa bakin ƙofar majami'arsu ranar Lahadi yana nuna wa mutane wurin zama. Tsoronsa yana da tushe. A watan Satumba 2012 masu zanga-zanga sun farfasa majami'ar Katolika ta Zinder saboda wani fim da aka yi a Amurka. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, kwana biyar bayan Shugaba Issoufou Mahamadou ya yi tattaki a Paris, fushin zanen jaridar Charlie Hebdo ya sauka a garin: aka cinna wa majami'u wuta, aka ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ɗaruruwan Kiristoci suka fake a barikin soja. Washegari wutar ta kai Yamai, inda ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45. Mutum goma suka rasu a garuruwan biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura.

Da ya koma ga Littafi Mai Tsarki, sai ya tarar da hanya biyu. A Nehemiya, masu ginin ganuwar Urushalima suna aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da makami. A Luka sura 22, Yesu da kansa ya yi wa almajiransa zancen sayen takobi. Amma a daren nan ne, da Bitrus ya zare takobin ya sare kunnen bawan babban firist, Ubangijinsa ya umarce shi ya mai da shi kube, ya kuma warkar da kunnen. Dattijon ya gane cewa kowane ɓangare yana iya tsinko ayar da ta yi masa daɗi, don haka aya kaɗai ba za ta raba masa gardama ba. Bai kuma yarda cewa kare yaro daga mai kisa zunubi ne ba. Uban da ya tsaya yana kallo, shi ma yana da abin da zai amsa.

Masu goyon bayan bindiga sukan kawo misalin Texas, inda a Disamba 2019 wani ɗan bindiga ya kashe mutum biyu a majami'a, mai gadin sa kai ya harbe shi cikin daƙiƙu kaɗan. Gaskiya ne rayuka sun tsira a ranar. To amma can mutum ɗaya ne ya shigo. Abin da ya zo Zinder taro ne, yawancinsu samari da duwatsu da fetur, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Tsohon jandarma ya san harsashi nawa ke cikin ƙaramar bindiga, ya kuma san abin da ke biyo bayan harbin farko. In saurayi ɗaya ya faɗi a ƙofar majami'a, kafin la'asar labari ya game Zango da Birni cewa Kiristoci sun tara makamai, kuma jama'ar da ba ta kai kashi 2 cikin 100 na ƙasa ba ita za ta biya, daga Maraɗi har Gure.

Akwai kuma abin da ɓoyon ke yi wa mai ɓoyewa. Wanda ya ɗaura bindiga a ƙugu idonsa na kan ƙofa, ba kan mai wa'azi ba. Baƙon da ya shigo neman Allah sai ya zama abin tuhuma. Hannun da zai miƙa don gaisuwar salama yana tuna inda kunama take. Ƴan'uwan da ke zaune kusa da shi kuwa ba a shawarce su ba, alhali da ransu ake cacar.

Da ya lissafa abin da ya ceci mutane a 2015, bai samu bindigar farar hula a ciki ba. Ya samu sojan da ya buɗe bariki, da maƙwabci Musulmi da ya shigar da iyalin Kirista ɗakin matarsa ya tsaya a zaure. Ya tuna kuma shugabannin majami'u sun fito sun ce sun yafe, toka ba ta gama hucewa ba. Tun 1924 da mishan SIM ta sauka Zinder, abin da ya riƙe wannan ƴar jama'a shi ne maƙwabtaka.

Saboda haka bindigarsa tana kwana a akwati, a kulle. Ya sa an buɗe ƙofa ta biyu a bayan majami'a, yana neman jami'an tsaro a ranakun Kirsimeti da Ista, yana kai gaisuwar Salla ga mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa. Ya san wannan duka ba lamuni ba ne. In ranar tsiya ta sake zagayowa, hannu wofi za ta same shi, da jikokinsa a bayansa. Ya auna wannan nauyi da wancan, ya zaɓi wanda zai iya ɗauka ya durƙusa da shi gaban Ubangijinsa.