Harba-ruga a Bayan Ƙyaure



Mu da muka tashi a ƙauyukan Birnin Gwari, mun buɗe ido mun ga harba-ruga jingine a bayan ƙyauren iyayenmu, an naɗe gindinta da fata da layu. Maƙerin gari ne ya ƙera ta, shi ne kuma likitanta. Sai an ɗura mata albarushi an danna, sannan ta yi magana sau ɗaya tak, mai ita ya ja da baya ya sake ɗuri. Da ita ake korar birai daga gonakin masara a gefen dajin Kamuku, da ita 'yan bindiga ke yi wa sarki rakiya ranar hawan sallah.

Sai daji ya sauya hali. AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera a Tarayyar Sobiyet a 1947, tana cin harsashi 30 a ɗuri guda. A watan Mayun 2018 'yan bindigar daji suka kashe mutum fiye da 40 a Gwaska. Duk ɗan sa-kan da ya taɓa fita da harba-ruga ya san ba sa'arta ba ce. To me ya sa har yau dattawanmu suke goge ta da mai kamar amarya?

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A Amurka, tun da Samuel Colt ya yi rajistar fistol mai juyawa a 1836, akwai masu riƙe da irinta, mai harbi biyar ko shida, alhali ga wadda ke ɗura kanta da kanta tana cin goma sha biyar. Hujjarsu ita ce ba ta cika cijewa ba, kuma mai ita ya san cikinta da wajenta. Dattawanmu ma haka suke cewa, su ƙara da arha.

Amma a ganinmu akwai abin da ya fi wannan. Mai harbi ɗaya a hannu ba ya ɓarna. Sai ya tsaya, ya duba, ya tabbatar dabba ce a gabansa ko ɗan mutum. Kafin ya gama ɗuri na biyu, zuciya ta ɗan sauka. Wannan ɗan jinkirin shi muka rasa, kuma shi muke kewa idan muka kalli tsohuwar bindigar.

A Nuwamban 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Ba mu saki jiki ba tukuna, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Fatanmu dai harba-ruga ta koma aikinta na korar birai da hawan sallah.

'Yan'uwa marubuta, idan za mu rubuta labarin dajin nan, kada ƙarar bindiga ta ɗauke mana hankali daga manomin da ta raba da gonarsa. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, amin.