Wasiƙa mai hatimin zinare

Ni na buɗe wasiƙar ranar da ta iso gidanmu a Bronx. Takarda ce mai kauri, ga hatimi mai ruwan zinare, ga cikakken sunan 'yata. Wai an zaɓe ta cikin wata ƙungiyar haziƙan ɗaliban sakandare na Amurka. Can ƙasa kuma aka rubuta kuɗin rajista, kusan dala 100. Ban nemi shawarar kowa ba. A daren na biya, na ɗauki hoton takardar na tura wa dangi a Kumasi, aka yi ta sa albarka.

Inda na taso, yaron da aka kira sunansa ranar rabon kyaututtuka, gumi ya yi kafin ya samu. Shi ya sa ban taɓa kawo wa raina cewa akwai yabon da ake saye ba.

Da a kuɗi abin ya tsaya, da sauƙi. Yarinyar nan duk Asabar tana koya wa yara sababbin zuwa daga Nijar da Ghana Turanci da lissafi a ɗakin ƙasa na masallacinmu. Na ce ta ajiye, ta mai da hankali wajen tara irin waɗannan takardu. Ta ce, "Baba, yaran nan ba su da mai duba musu aikin gida." Na ce jami'a ba ruwanta da yaran masallaci. Ta yi shiru, ta bi maganata wata huɗu.

Da ta shiga ajin ƙarshe muka je wurin malamar da ke ba ɗalibai shawara kan neman jami'a. Na ciro takardar daga jaka na miƙa mata. Ta duba, ta ce, "Wa ya zaɓe ta, kuma cikin mutum nawa?" Na rasa amsa. Ta ce ɗalibanta da yawa sun samu irinta, kuma masu tantancewa a jami'o'i sun san wadda ake biya a shiga. Abin da suke fara dubawa shi ne maki da nauyin darussan da ɗalibi ya ɗauka, sai wasiƙun malamai, sai rubutun da ya yi a kan kansa, wanda a fom ɗin neman jami'a na Common App bai wuce kalma 650. A fom ɗin gurbi 5 aka ware wa lambobin yabo, 10 kuma ga ayyukan da ɗalibi ya yi da hannunsa. Ta ce akwai yabo mai daraja, kamar National Merit da ake samu ta jarrabawar PSAT, inda kimanin 16,000 ne kawai ke kai matakin kusa da ƙarshe cikin sama da miliyan ɗaya. National Honor Society kuma, wadda ke nan tun 1921, malaman makaranta ne ke zaɓe, amma ko ita ta yi yawa, sai an ga aikin da yaro ya yi a cikinta.

Sai ta juya ga 'yata ta tambaye ta me take yi ranakun hutu. Yarinyar ba ta amsa ba, ni ta kalla. Har yau kallon nan bai bar ni ba.

A hanyar gida na ce mata, "Mamana, ki yafe mini, ni na yi kuskure." Ta koma masallaci Asabar ɗin. Yaro ɗaya da ya fara iya karatu a hannunta ya riga ya daina zuwa, ba mu kuma shawo kansa ba. Wannan hasarar ta fi dala 100 ci mini rai.

Iyaye 'yan uwana, musamman mu baƙi a ƙasar nan: in irin wannan wasiƙa ta zo, kada ku biya ko sisi sai kun kai ta makarantar yaron kun tambaya. Kuma kafin ku hana yaro wani aikin alheri da yake yi, ku je ku ga aikin da idonku.